Irin Shinkafar da Inna Ta Gauraya

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, gara ta cinye mana irin shinkafa a rumbu, Baba kuma yana kwance da ciwon ƙafa. Gonarmu tana bakin tafki, can wajen Wara. Ita ce abincinmu na shekara, ba mu da wata.

Inna 'yar Yelwa ce, daga gidan masu fura. Aure ya kawo ta cikin manoma. Ta ɗauki ƙwarya ta bi dangi, kowa ya ɗibar mata nasa. Da ta zube a tabarma sai ga wata ja, wata fara, wata doguwa. Ranta bai so ba. A wurinta abin kirki shi ne wanda aka dama har ya zama ɗaya, babu gudaji. Ta sa hannu ta yi ta juyawa, har ko'ina ka damƙa kamarsu ɗaya. Yayana ya kai gona ya shuka.

Shinkafa ta fito kore shar. Sai da kaka ta matso asiri ya tonu: wata ta nuna har tana zuba, wata ɗanya, wata ko kai ba ta fitar ba. Ga ruwan tafki yana hawowa kullum.

Baba ya dogara sanda muka bi shi gona. Ya daɗe yana kallo.

"Mi kinka yi wa irin nan?" ya tambayi Inna.

"Haɗawa na yi, Malam, don ya zama ɗaya."

"Wayyo! A gona ai ɗaya shi ne wanda ba a haɗa ba. Da kin bar kowane a ƙwaryarsa, da mun yanke su bi da bi."

Lauje bai yi amfani ba. Muka shiga da wuƙa muna tsintar nunannun zangarnu, ruwa a gwiwa, daga baya a ƙugu. Inna ce ƙarshen fita kullum, ƙafafunta duk matsattsaku. Sauran kuwa ruwa ya shanye muna ji muna gani. Na yi kuka, wallahi.

Kafin bazara rumbu ya yi ƙasa. Wata rana da yunwa ta ishe ni na tarar da Inna da faifai da ƙwarya, tana ware ƙwaya ɗaya-ɗaya, ja nan, fara can.

"Haba Inna, mu dafa mana!"

Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Wannan ba ta ci ba ce, ta shuka ce," ta ce, ta ja ƙwaryar bayanta.