Sandar Ƙarfen Bahago

Sunansa na yanka Usman, amma duk Ƙofar Kibo Bahago ake kiransa, saboda da hagu yake riƙe sifana. A unguwar aka haife shi, a nan ya koyi kanikanci, a nan kuma furfura ta same shi yana jan motocin da suka mutu a hanya da wata tsohuwar janwe. Ba shi da surutu, fara'arsa ma ba yawa. Abin da aka san shi da shi ɗaya ne: ba ya jan babbar mota da sarƙa. Yana da wata sandar ƙarfe mai kaurin taɓarya, ita yake ɗaurawa tsakanin janwe da motar da ta mutu. Yakan ce irin waɗannan motoci da iska suke kama birki, in inji ya mutu iska ta tafi. Sarƙa ja kawai ta iya. Sanda kuwa ta ja, ta kuma tare.

Sau ɗaya ya karya wannan doka, kuma surukinsa ne sanadi.

Alhaji Inuwa, mahaifin matarsa Radiya, ɗan kasuwar hatsi ne. Ya sayi wata tsohuwar motar soja a gwanjo, koriya mai taya shida, tana kwaso masa masara daga ƙauyuka. Direbanta Ɗanladi, abokin Bahago tun suna yara. Shi kuwa Bahago irin mutanen da ne wajen kunyar suruki. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya tsuguna, ba ya haɗa ido da Alhaji, kuma bakinsa bai san wata amsa ba sai "To, Baba."

Wata ranar kaka motar ta mutu a bayan ganuwa da lodin masara. Hadari ya haɗo, ba tamfol. Sandar kuma tana Gyallesu wajen mai walda. Alhaji ya tsaya a gaban jama'a ya ce a ɗaura sarƙa, ai daga nan zuwa sito ba nisa. Bahago ya san akwai 'yar gangara bayan an shiga ƙofa. Ya san nauyin da ke kan motar. Amma ya dubi ƙasa, ya ce to.

Ɗanladi ya yi dariya yana hawa. "Sarkin sanda, yau kuma sarƙa? Lallai suruki ya fi ƙarfe ƙarfi."

A kan gangarar wani mai Keke Napep ya gitta, Bahago ya taka birki. Sarƙa ta yi sako-sako, motar soja ta taho. Ɗanladi ya taka nasa birkin ya ji fanko. Gabansa janwe da abokinsa a ciki, hagunsa mata masu sayar da gyaɗa. Ya murɗa sitiyari dama da dukkan ƙarfinsa, sarƙa ta tsinke, motar ta faɗa kwalbati ta kife. A asibiti aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa.

Mutane suka ce ƙaddara ce. Alhaji ya yi ɗawainiyar asibiti, ya kafa wa Ɗanladi teburin sayar da rake a bakin titi, kowa ya yaba masa. Babu wanda ya nuna Bahago da yatsa, kuma wannan ne ya fi cinsa. Da an zage shi da ya fi samun sauƙi. Kullum bayan la'asar yakan je ya zauna a gefen teburin, ya sayi raken da ba zai sha ba, yana kau da kai daga sandar da abokinsa ke dogarawa. Ɗanladi bai daina tsokana ba. Yakan ce yanzu takalmi ɗaya yake wankewa, ya huta. Bahago ba ya dariya.

Ranar da ya yi ƙoƙarin buɗe baki, Ɗanladi ya katse shi yana feren rake.

"Ka bari, Bahago. Ni ma ai na san ba birki, na hau. Wa zai ce wa Alhaji a'a a gaban mutane?"

An gyara motar soja, don irinsu ba sa mutuwa gaba ɗaya. Aka ba Ƙasimu, ƙanen Ɗanladi, magidanci mai iyali, yana tuƙa ta. Bara da kaka ta sake mutuwa kusa da inda ta mutu a da. Sandar tana hannun wani da ya ara, sai washegari za ta dawo. Alhaji, wanda yanzu tsufa ya ƙara masa gajen haƙuri, ya ce a ɗaura sarƙa, wancan karon tsautsayi ne, tsautsayi kuma ba ya zama doka.

Bahago yana tsugune, takalmansa a gefe. Ya ga Ƙasimu ya kama ƙofar mota zai hau. Sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a gaban surukinsa.

"Baba, ba zan ja ba. Ƙasimu, sauko."

Ya tokare tayoyin da itace, ya sa aka sauke buhuna, ya tafi. Washegari ya dawo da sanda, ya kwance farfela, ƙarfen da ke juya tayoyi, ya ja motar a hankali har ƙofar sito. Ba abin da ya faru.

Alhaji bai sake amsa gaisuwarsa ba har yau. Radiya ta yi kwanaki tana ajiye masa tuwo ba magana. A majalisar unguwa wasu suka ce ya yi daidai, mafi yawa suka ce ya yi rashin kunya, ko da gaskiya ce ai da ya samu dattijo ya faɗa wa Alhaji a gefe.

Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne da ya ga maganar da ya faɗa wa Alhaji ba ta da wani tsawo. Ƙasa ba ta tsage ba, aurensa bai mutu ba, fushin tsoho ne kawai. Da a ce ya ɗauki wannan fushin tun wancan karon, da Ɗanladi yana tafiya da ƙafafunsa biyu.

Har yanzu yana zuwa teburin rake bayan la'asar. Da labarin ya kai wa Ɗanladi, sai ya dube shi ya ce ashe bakin nasa yana aiki. Bahago ya karɓi rakensa, ya zauna a ɓangaren hagun Ɗanladi, inda ƙafar da ta rage take.