Ranar da Ƙwan Baffa Ya Taso

In ana maganar sanin ƙwai, mutanen Fagge sun yarda cewa Alhaja Rukayat ba ta da na biyu daga nan har bakin teku. Sun ce da ido take raba ƙwan jiya da na shekaranjiya, har ta gaya maka halin kazar da ta saka shi. Gaskiyar magana, fanteka ce gare ta da ruwa a ciki. Ƙwan da ya nutse ya kwanta mai kyau ne, wanda ya taso sama baragurbi ne. Ilimin ke nan, kuma a wurin uwarta ta gaje shi tare da fantekar.

A Fagge aka haife ta. Ubanta tela ne da ya zo daga Ogbomosho a jirgin ƙasa da niyyar yin rani ɗaya, a Kano kuma aka binne shi yana da jikoki. Ita kuwa tun tana budurwa take zaune a lungu guda cikin kasuwar Sabon Gari. Ba ta rantsuwa a ciniki, ba ta ɗaga murya. In gardama ta tashi, cewa take, "Mu tambayi ruwa." Masu shayi da masu abinci na layin duk da bakinta suke saye. Ƙwan da ta ƙi kuwa, ko kyauta ne babu mai karɓa.

Duk damina Malam Baffa yakan kawo mata ƙwan zabi daga ƙauyensu wajen Bichi, a kwando, an shimfiɗa ƙaiƙayi. Tun gemunsa na baƙi suke hulɗa, ba a taɓa jin kansu ba.

Ranar da abin ya faru ɗan garuwa bai zo ba. Maƙwabcinta Chukwuma mai ƙanƙara ya tafi neman man janareta, ya bar jarkoki jere a ƙofar shagonsa. Sun saba aron juna ba tare da tambaya ba, sai ta ɗauki ɗaya ta cika fanteka. Ruwa garau. Ta saka ƙwan Baffa na farko, ya taso. Ta saka na biyu, ya taso ya tsaya kusa da ɗan'uwansa. Kafin ka ce me, saman ruwan ya cika.

"Malam Baffa, na bara ka kawo min?"

"Haba Hajiya. Shekaranjiya aka tsinto su, da hannuna na jera."

"To, ruwa bai ce haka ba."

"Fasa ɗaya ki gani."

"Ban taɓa fasa ƙwai don in ƙaryata ruwa ba."

Masu shayi suna tsaye suna kallo. Baffa ya tsame ƙwansa ɗaya bayan ɗaya, ya goge kowanne da bakin riga, ya ɗora kwando a ka ya fita ba sallama. Kowa a layin ya san an gama sayen ƙwansa a nan.

Da aka kira azahar ta zuba sauran ruwan a buta ta fara alwala. Tana kurkure baki ta tofar, ta tsaya tana kallon butar. Daidai nan Chukwuma ya dawo.

"Mama, wa ya ɗauke min jarka ɗaya?"

"Ɗan nan, ruwan me kake ajiyewa a ƙofa?"

"Na tankin da muke yin ƙanƙara ne. Gishiri muke narkawa a ciki sosai, don ya yi sanyi bai daskare ba. Ai ya fi ruwan rijiya nauyi, Mama. Ko dankali kika jefa, sai ya taso."

Haka abin yake. Gishiri kan narke ya ɓace a ruwa ba tare da ya sake masa kama ba, amma nauyinsa yana nan. Ƙwai mai kyau da kaɗan ya fi ruwan daɗi nauyi, shi ya sa yake nutsewa. In aka ƙara wa ruwan nauyi, sai ya ɗauki ƙwan kamar yadda yake ɗaukar kara. Uwarta ba ta gaya mata wannan ba, don a zamaninta ba su da maƙwabci mai ƙanƙara.

Ta sake alwala da fiya wata, ta yi salla, ta hau adaidaita. A gindin bishiya kusa da tashar jirgi ta sami Malam Baffa, kwandon na gabansa a rufe. Sai da ta daɗe tana magana kafin ya yarda ya biyo ta.

A gaban layin duka aka kawo ruwan rijiya. Ta ɗanɗana, ta sa masu shayi suka ɗanɗana, sannan ta zuba ƙwan. Duk suka nutse suka kwanta.

"Laifina ne, Malam Baffa. Ka yafe min."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya."

Har yau duk damina yana kawo mata ƙwan zabi, suna gaisawa har da tambayar iyali. Sai dai yanzu da ruwansa yake zuwa, a galan.