Ajiya a Kwamfutar Meri

A shekarar da sojoji ke riƙon ƙwarya, ana shirin mayar da mulki hannun farar hula, aka tura ni wani gari da ke bayan Cadawa in kula da kwamfutar meri, wato ofishin magajin gari. Magajin garin ma babu shi a lokacin. An rushe majalisa, an kawo wani mai riƙo wanda ya fi zama a Agiye, tsohon sakatare kuma an ɗauke shi zuwa wani wuri tun kafin in iso. Na tarar da buro, wato ofis, mai ɗaki biyu, da benci a ƙofa, da kwamfuta guda a kan tebur an lulluɓe ta da zane.

Ni mutumin Tawa ne, ban san kowa ba a garin. Mushe, wato Malam a bakin Faransa, kowa yake ce mini, ba wanda ya taɓa tambayar sunana. In sayi tuwo, in ci a ɗakin haya, in wanke hannu, shi ke nan. Abin da ke ɗebe mini kewa ɗan kile ne, irin wanda ake sokawa a jikin kwamfuta a adana abubuwa. A cikinsa akwai bidiyon bikin ƙanwata, inda Inna mahaifiyarmu ke zaune a tsakar gida tana raba goro, tana yi wa kowa faɗa tana dariya. Idan an tashi aiki nakan soka shi in kalla kafin in rufe buro.

Aikin da ya kawo ni, a baki ba wuya. Daga Maradi aka ba ni faifai mai manhajar rumbun bayanai, wadda za ta riƙe rajistar haihuwa ta gundumar, domin zaɓe na tafe kuma mutane na neman takardu, ana jiran alƙali ya zo garin ya yi musu. In sa faifai, in girka, in fara shigar da sunaye. Na sa. Koren layi ya yi ta rarrafe har ya kusa ƙarshe, sai ya tsaya, ya koma baya, aka rubuto mini cewa rumbun ya ƙi tashi. Dalili kuwa ko oho.

Na cire abin da ya rage, na sake girkawa, ya ƙi. Na kashe manhajar da ke tsare ƙwayar cuta, ya ƙi. Na duba ko wata manhaja ce ta tare ƙofar da rumbun zai bi, babu kowa a ƙofar. Na goge faifan da bakin rigata, na hura masa iska, har bisimilla na yi masa. Wani lokaci ma wuta ce za ta ɗauke ana tsakiyar abu, in zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda zan juya in ce wa, kai dubi wannan abu. Mai gadi yana ƙofa, amma shi a wurinsa duk na'urar da ta kunna ta yi haske lafiyarta ƙalau.

Don in samu rezon waya sai na hau tudun da ke bayan masallaci. Daga can na kira shugabana a Maradi, na kwashe komai na gaya masa.

"Kai dai shahe ta duka, ka soma daga hwarko," in ji shi. "Mi ka ciki da za ka tsaya ɓata lokaci? In alƙali ya zo yin takardu ba ta aiki, Agiye za mu maishe ta."

Na ce to. Na yi niyyar gogewa washegari, sai ya zamana ranar kasuwa ce.

Da hantsi wata tsohuwa Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono a kan benci, ta yi sallama, ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da tebur kamar wadda ta saba. Muka gaisa, ta tambayi gajiya da baƙunta.

"Mushe, na zo in ga ajiyata."

"Wace ajiya, Inna?"

Ta nuna kwamfuta da haɓa. "Yarona shina ciki. Wancan Mushen shina buɗe min kowace kasuwa."

Na yi ta lalube har na ci karo da wata jaka mai suna Ajiya. Ina buɗewa na ga gari guda. Bukukuwa, sunaye, ranar sallah, wani da sabon babur, wani riƙe da ragonsa, 'yan mata sun yi layi sun sha kwalliya. Ashe duk wanda katin wayarsa ya cika, ko yake tsoron ɓata, sai ya kawo wa sakatare ya juye masa a nan, kamar yadda mai tafiya ci-rani ke barin hatsinsa a rumbun maƙwabci. Tsohuwa ta sa yatsa ta nuna wani saurayi mai malafa da sanda a kafaɗa, yana magana da wanda ke ɗaukarsa, yana kare baki don kunya. Ta ce ya bi shanu kudu, rashin lafiya ya kama shi a can, bai dawo ba. Ta kalla sau biyu, ta ce Allah ya saka, ta ɗauki ƙwaryarta.

Bayan ta fita na duba cikin kwamfutar, na ga ya cika maƙil, ko wurin aje allura babu. Rumbun bayanai yana neman fili ya shimfiɗa kayansa, bai samu ba, shi ya sa yake mutuwa a bakin ƙarshe. Na zagi sakataren nan a raina, na kuma zagi kaina da ban fara dubawa ta nan ba. Amma gogewa ta fita daga raina. Mutumin ya karɓi amana ya tafi ya bar mini ita a kan tebur, ko sallahu bai bari ba.

Na roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, kowa ya zo ya karɓi ajiyarsa. A satin nan buro ya cika. Ana kawo kati, ana kawo waya, ana dariya ana nuna wa juna hotuna ta kan kafaɗata. Na ji daɗin hayaniyar nan ƙwarai, har nakan jinkirta juyewa don su ƙara zama. Da kowa ya karɓi nasa sai ya yi godiya ya tafi, benci ya koma wayam.

Saura ajiyar waɗanda ba su zo ba: masu ci-rani, da waɗanda suka rasu, da irin tsohuwar nan da ba ta da wayar da za a juye mata. Ba su da yawa sosai, amma sun ishi su hana rumbu tashi. Kwamfutar ba ta iya rubuta faifai, kasuwar garin ba a sayar da kile, alƙali kuma yana hanya. Abin da nake da shi kilena ne kawai, shi ma bikin ƙanwata ya cinye shi.

Na soka shi na kalli Inna tun daga farko har ƙarshe. Na ce a raina, ai tana nan da ranta, in an gama zaɓe na je gida na ɗauki wani, wanda ma ya fi wannan kyau. Yaron tsohuwa kuwa ba inda za a sake samo shi. Na danna gogewa, na juye ajiyar mutane a wurin.

Na sake sa faifai. Koren layi ya wuce inda ya saba tsayawa, ya kai ƙarshe, rumbu ya tashi. Na miƙe tsaye ina murna, na waiwaya, ba kowa a ɗakin. Na leƙa na gaya wa mai gadi, ya ce madalla, ya ci gaba da jin rediyonsa.

Alƙali ya zo, aka yi takardu, aka yi zaɓe, aka samu sabon magajin gari. Aiki ya hana ni tafiya gida har damina ta sauka. Ina kan tudun bayan masallaci ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce Inna ta rasu da safe. Wanda ya ɗauki bidiyon bikin, da na neme shi daga baya, ya ce ya daɗe da gogewa.

Da na dawo daga zaman makoki, ranar kasuwa, tsohuwa ta sauke ƙwarya a kan benci ta shigo ta zauna a wurinta. Ba ta san inda na je ba, ni ma ban faɗa ba. Na ciro kile daga aljihu na soka, na buɗe mata yaronta, na ja kujera gefe don ta gani sosai.