Ɗacin Giya a Maƙogwaro Yake

Dinakar Shenoy bai iya zama ba. Shekara da shekaru ina ɗaukarsa a kekena mai ƙafa uku a cikin Bengaluru, ban taɓa ganin ƙafarsa ta daina rawa ba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da ya yi ritaya sai ya maida kansa alƙalin giya. Duk ƙaramin gidan da ke dafa tasa, sai ya je da kofinsa na gilashi a naɗe cikin tawul, ya ɗanɗana, ya rubuta a waya. Mutane kuwa suna karantawa.

"Muniraju," zai ce min, "mu je unguwar Indiranagar! A'a, juya, an buɗe sabo a Jayanagar."

"Anna," nakan ce masa, wato yaya, "ka tsai da magana ɗaya. Keke ne, ba tunaninka ba."

Bara likita ya ce hantarsa ta kumbura, in ya ci gaba ba zai ga auren 'yarsa ba. Matarsa Vasanthi ta tare ni a ƙofa.

"Ƙanena, kai ke kai shi. In ya mutu, da hannunka a ciki."

Ya ce ya daina. Ya rantse a gida, ya rantse a wurin bauta, ya rantse a kekena. Ni rantsuwa ba ta cika min ciki, domin washegari ma na kai shi.

Sai ya ɓullo da dabara: ya kurɓa, ya jujjuya ta a baki, ya tofar a gwangwani. Bai yi sati ba ya fito yana huci.

"Banza! Masu ruwan inabi ne ke tofarwa. Giya ɗacinta a maƙogwaro yake. In ban haɗiye ba, ƙarya zan rubuta."

"To rubuta ƙaryar mana. Wa ya taɓa mutuwa da ita?"

"Kai dai jaki ne mai taya."

Ana nan wata yarinya mai dafa giya ta kira shi. Ta yi sabuwa da tamba da mazarƙwaila, irin wadda ya daɗe yana cewa a gwada. Muka isa ƙofar gidan, ƙamshin tsimi har titi. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya mayar.

"Zagaya."

Na zagaya. Muka dawo, ya ce in ƙara. Gumi ya jiƙa masa riga, yana ta murza tawul ɗin nan. Wannan karon bai rantse ba.

"Kai ni gida," ya ce.

Da yamma ina share keke na tarar da kofin a ƙarƙashin kujera. Na kai masa, ya ce bai san shi ba.

Kofin yana nan cikin keken har yau, yana ƙara duk ramin da na faɗa. Dinakar kuwa ya koma kan masu dafa gahawa. Jiya ya sa na ratsa rabin gari don ya gaya wa wani tsoho cewa madararsa ta ƙone.