Anti Luba Ta Ci Gwajin, Amma Ta Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina share ƙofar kilinik aka kira ni, wai Anti Luba ta rasu. Har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, tsohuwar nas ce a Gidan Dahala. Ita ta koya mini aiki kafin a turo ni Dundaye. Ita ta ba ni abin awon jinina na farko, ta ce kada in sake in yi aron na wani.

Ba ta da zance sai na shanyewar ɓarin jiki. Gidan suna, gidan biki, ko layin niƙa, sai ta tara mata ta koya musu gwajin nan: mutum ya yi murmushi a ga ko baki ya karkace, ya ɗaga hannu biyu a ga ko ɗaya zai faɗi, ya yi magana a ji ko harshe ya yi nauyi. In ɗaya ya samu, a garzaya asibiti. Har tsokanarta muke yi, mu ce Anti ko gaisuwa sai da murmushin gwaji.

Ranar Litinin ta biyo ta wurina. Tana shigowa ta dafe bango.

"Ɗiyata, jiri nika ji, kuma abu biyu-biyu nika gani."

Na zaunar da ita. Ta yi murmushi, baki daidai. Ta ɗaga hannu, babu wanda ya sauka. Ta karanta Fatiha tiryan-tiryan. Jininta ya ɗan hau, amma dama tana shan magani.

Ta yi dariya ta ce, "To likita, na ci jarabawa? Azumi na da rana wagga, ba komi."

Zuciyata ta ce in sa ta a keke mu wuce babban asibiti. Amma yaya zan kalli wadda ta koya mini in ce ban yarda da ita ba? Kunya ta hana ni. Na roƙe ta ta karya azumin, ta ƙi. Na raka ta titi.

Washegari ta faɗi a tsakar gida, aka kai ta asibiti. Likita ya ce shanyewar ce, amma ta bayan ƙwaƙwalwa, irin wadda takan zo da jiri da matsalar gani, gwajin nan bai cika kama ta ba.

To ni yanzu ban gane ba. Na yi abin da aka koya mini, ban tsallake ko ɗaya ba. Laifina ne? Ita ta sani ta ɓoye don kada ta tsorata ni? Wallahi ban sani ba. Na san kwana ne ya ƙare, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ɗazu a wurin gaisuwa babbar 'yarta Hadiza ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Mun gode, Anti ta ce kin duba ta da kyau." Na yi mata ta'aziyya kawai na fito.

Allah Ya jiƙan Anti Luba, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, gobe zan koma in faɗa wa Hadiza gaskiya.