Abin da Na Yanke daga Hirar Tarin Fuka

Ina aiki a gidan rediyo lokacin da wata malamar jami'a ta zo muka yi hira kan ƙwayar cutar tarin fuka. Bincikenta a kan abu ɗaya yake: yadda ƙwayar ke fara kwafar zaren gadonta, wato zaren da ke ɗauke da tsarin halittarta, kafin ta rabu biyu. Ta ce zaren a zagaye yake kamar awarwaro, kuma wuri ɗaya tak ake fara kwance shi. Sai wani furotin ya taru a wurin ya buɗe shi, sannan kwafi ya kankama. Wasu ƙwayoyin cuta kan rabu cikin minti ashirin, ita kuwa wannan sai ta kusa kwana guda. A ƙarshe ta ja kunne: nawar nan tana cikin dalilan da suka sa magani ke ɗaukar wata shida, kuma duk wanda ya yi jinkirin farawa, cutar na cin huhunsa a ɓoye.

Shirin na minti goma sha biyar ne, hirar ta zarce. Na yanke jan kunnen. Bayanin zaren ya fi burge ni, don na sha wahala kafin in samo masa Hausa.

Baffana, ƙanen mahaifina, manomi ne a Tudun Kaya, kuma shirina ba ya wuce shi. A damunar nan aka gwada kakinsa a asibiti, aka ce tarin fuka ne, aka sa masa ranar da zai dawo ya fara magani. Bai koma ba. Na same shi a gonar gyaɗa, ya dogara da fartanya yana tari.

"Sannu da aiki, Baffa. An ce ba ka koma asibiti ba."

"Kai ɗan rediyo, ba a gidanku aka faɗa ba? Abin nan malalaci ne, sai ya kwana kafin ya haihu. Ciyawar da ba ta sauri ai ba ita ake fara nomewa ba. Bari in cire gyaɗata."

"Ba haka malamar take nufi ba."

"To me ya hana ta faɗa?"

Na roƙe shi dai ya je, ya ce in Allah ya kai mu kaka. Bayan gyaɗa sai girbin dawa. Ranar da ya yi tarin jini aka ɗora shi a babur zuwa asibitin Ƙaraye.

Ya sha maganin har ƙarshe, cutar ta mutu. Amma huhun da ta ci bai dawo ba. Yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta, gonar kuma an ba da ita aro. Matarsa ma ta kamu, ta yi nata wata shidan.

In baƙi sun zo gaishe shi, yakan ce laifin malamar ne, 'yan boko ba sa ƙarasa magana. Nakan kasance zaune a bakin tabarmarsa. Ban taɓa gyara masa ba.