Mai Jar Tuta a Kafanchan

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Kachia, ni da ƙanena a tsohuwar motarsa, ruwan da aka kwana ana yi bai gama tsanewa daga kan kwalta ba. Kafanchan muka nufa, wani asibitin ido na kuɗi da wani likita yake zuwa daga Jos sau ɗaya a wata. Allura za a yi mini, a cikin ƙwayar ido.

Masu bibiyata sun san idona na hagu ya tafi shekara uku da suka wuce, gefe-gefe kawai nake gani da shi. Na dama ne ya rage. Da shi nake karanta littattafan ajami da mahaifina ya bari da rubutun hannunsa, da shi nake karantar da dattawan unguwarmu bayan la'asar. Wata biyu da suka wuce na buɗe littafi, na ga layuka sun lanƙwashe kamar igiyar shanya da aka ɗora wa jiƙaƙƙen bargo. Mahaifina kuwa bai taɓa karkata layi ba. Daga nan wani baƙin tabo ya zauna a tsakiyar ganina, duk fuskar da na duba sai ya rufe ta.

Wannan duk gida sun sani. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne mutanen da nake gani. Sukan zo su tsaya, ba sa magana, in yi musu sallama ba sa amsawa. Har na gane yadda zan bambance su: mutumin gaske tabon nan yana cinye masa fuska, su kuwa fuskarsu tar nake ganinta, har gashin gira. Na ɗauka mutanen ɓoye ne. Na yi ta addu'a, na sha rubutu, na ƙi zancen asibiti har makonni suka tafi. Tsorona shi ne in na faɗa, ƙanena ya juya mota zuwa wajen mai ruƙiyya, dattawa kuma su daina zuwa karatu a ce Malam ya taɓu.

Hanyar Kachia zuwa Zonkwa ta sha ruwa. Gonakin citta kore shar hagu da dama, ramuka kuwa sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Duk ramin da muka faɗa sai ƙanena ya ba motar haƙuri, ni ko sau ɗaya bai ba ni ba. A Zonkwa muka tsaya muka sha kunu da ƙosai. Ya yi ta ciniki da mai gasasshiyar masara, yana cewa a Kachia ta fi araha, ita kuma ta ce to ya koma Kachia ya saya. Ya saya, ya ci biyu.

Da muka doshi Kafanchan hazo ya sauko kan duwatsun Kagoro. A bakin gari akwai inda hanya ta ratsa tsohon layin dogo, ciyawa ta kusa binne ƙarafunan. A nan na gan shi. Dogon mutum cikin kakin reluwe irin na da, guga har tana ƙyalli, jar tuta a hannunsa na hagu, yana kallon inda jirgi zai ɓullo. Akwai tabon yanka a haɓarsa. Ganin na ga tabon haɓar ne ya sa na san ko wane iri ne. Na ja carbi, muka wuce ta gabansa, bai ko juyo ba.

A asibitin ƙanena ya tafi yankar kati, ni na zauna a benci. Ta gefen ido na hango wata tsohuwa kusa da ni, da ɗankwali da zanen zumuntar matan coci, ta ɗora hannuwa a cinya, ko motsi ba ta yi. Na ce a raina ga wata kuma ta biyo ni har nan. Na kawar da kai.

Can sai na ji murya: "Baba, a garinku ba a gaisuwa?"

Saura kaɗan in faɗo daga benci. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Wallahi na ɗauka ba mutum ba ce."

Na so in maido maganar, amma ta riga ta fita. Sai ta kwashe da dariya. "Kai ma kana ganin su? Ni yara ne, ƙanana kamar kwalba, da rigan mawaƙan coci, suna tafiya a bangon kicin. Na kira fasto, ya yi addu'a har ya gaji. Likita ya ce ido ne. Allura na huɗu ke nan, ban mutu ba."

Ta ce iyayenta daga kudu maso gabas suka zo aikin reluwe, ita a nan aka haife ta. Ganin haka na saki jiki, na ba ta labarin mai jar tuta. Ta tambaye ni a wane hannu ya riƙe. Na ce hagu. Ta ce akwai wani abu a fuskarsa? Na ce tabo a haɓa.

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Babana ya yi aiki a layin dogon nan har ya mutu. Bahago ne." Ta gyara ɗankwali. "Amma likita ya ce ido ne." Aka kira sunanta ta shiga, ban sake ganinta ba.

Da aka kai kaina, likita ya ɗauki hoton cikin idon ya nuna wa ƙanena a allon kwamfuta. Ya ce wasu jijiyoyi ne suka tsiro a bayan ido suna tsiyayar da ruwa, allurar kuma tana tsayar da su. Abin da ya mutu ba zai dawo ba, abin da ya rage ake karewa, makonnin da na ɓata kuwa sun ci wani abu. Da ƙanena ya fita karɓo magani, na rage murya na faɗa wa likitan zancen mutanen. Bai ko ɗago daga rubutunsa ba. Ya ce idan ido ya rage aika wa ƙwaƙwalwa hoto, ita takan ƙirƙiro nata, kuma wannan ba hauka ba ne. Zancen tabon haɓa ban yi masa ba.

Allurar kanta ba ta kai tsoronta ba. Aka ɗiga maganin kashe zafi, aka wanke idon da wani jan ruwa, aka sa ƙaramin ƙarfe ya riƙe fatar ido. Nas ta ce in dubi sama. Ban kai ƙarshen Fatiha ba na ji an ɗan danna, sai wani baƙin ƙwallo ya shigo yana yawo a cikin ganina. Ta ce kada ruwa ya shiga na 'yan kwanaki, ba kwalli, ba murzawa. Na tambayi yadda zan yi alwala. Ta ce, "Baba, kai ne malam. Ni dai kar ruwa ya shiga."

Bayan azahar muka juyo, idon dama a rufe da auduga. Da na hagu, wanda ba ya iya gane fuskar 'ya'yana, na sake ganin mai jar tutar a kan layin dogo. Wannan karon ya juyo yana kallon motarmu. Na sauke gilashi na ce, "Salamu alaikum."

Ƙanena ya taka birki. "Yaya, wa kake gaisarwa? Babu kowa a nan."

A nan, a gefen hanya, na faɗa masa komai. Ya kashe motar. Sannan ya ce, "Wata biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Da ka makance fa?" Ya tada mota ya ce ranar allura ta biyu shi zai riƙe katin, ba ni ba. Har muka isa Kachia bayan la'asar bai ambaci mai ruƙiyya ba.

Yau kwana goma sha biyu. Tabon yana nan, amma layukan mahaifina sun fara miƙewa, jiya na karanta wa dattawa shafi guda ban tsaya ba. Na faɗa musu abin da nake gani, kuma duk sun dawo yau. Tafiyar nan ta nuna mini cewa ɓoyon da na yi ya fi ciwon cin idona. Masu shirun kuwa har yanzu suna zuwa, sukan tsaya a bayan sahun ɗalibai. Likita ya ce ido ne, na kuma yarda, Allah ne masani. Ina dai yi wa kowa sallama, wanda ya amsa da wanda bai amsa ba.